NAZARI: Yadda kokawar tauraron labari da zuciyarsa ke gina tarbiyyar mai karatu

A shekarar 2007, gwamnatin Jihar Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona tarin littattafan hikaya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hujjar da aka bayar ita ce littattafan suna gurɓata tarbiyya. Marubuta kuwa suka ce su ma tarbiyyar suke yi, domin ba a gyara ɓarna sai an nuna ta. Shekaru sun shuɗe, yawancin labaran sun tashi daga takarda sun koma cikin waya, amma gardamar tana nan tsakanin iyaye da malamai da masu alƙalami.

Sai dai ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri guda ba tare da sun lura ba. Dukansu suna auna littafi da abu biyu: me tauraron labarin ya aikata, kuma yaya ƙarshensa ya kasance. Mai suka yana ƙirga laifuffukan da aka nuna, mai kare littafi yana buɗe masa shafin ƙarshe inda mugu ya girbi abin da ya shuka. Akwai wuri na uku da ba a cika leƙawa ba, wato lokacin da tauraro bai riga ya aikata komai ba, zuciyarsa ta rabu biyu, yana saƙa wannan yana kwance wancan. Mafi yawan tarbiyyar da ƙagaggen labari ke iya bayarwa a nan take, domin a nan ne mai karatu yake ganin yadda ake yanke shawara.

Wata zuciya ta ce

Harshen Hausa ya daɗe da tanadar wa wannan hali kalmomi. Mai ba da labari yakan ce wata zuciya ta ce masa ya tafi, wata zuciyar kuma ta ce ya tsaya, kamar mutum biyu ne ke gardama a ƙirji ɗaya. Ana cewa wane yana shawara da zuciyarsa, ko zuciya ta ɗebe shi, ko ya bi son zuciya, ko ya danne ta. Malaman Musulunci ma, idan suna bayanin rai, sukan ambaci mai umarni da mummuna, da mai zargin kansa, da wanda ya samu natsuwa. Na tsakiyar nan, mai zargin kansa, shi ne halin da yawancin mutane ke kwana da tashi a cikinsa, kuma shi ne abincin marubucin labari.

A 1974 aka buga wani nazari na Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu yaron da ya tashi a gidan Bahaushe da zai musa ko ɗaya daga cikinsu. Wahalar tana zuwa ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo.

Yarinyar da ta san kawunta yana cin dukiyar marayu, gaskiya tana ce mata ta faɗa, kunya da ladabi suna ce mata ta ja bakinta. Ƙaramin ma'aikacin da maigidansa ya miƙo wa takardar bogi ya sa hannu, alhali shi ne ya nema masa aikin, yana tsakanin amanar ofis da halaccin wanda ya yi masa rana. Ɗalibin da amininsa ya roƙa ya buɗe masa takarda a ɗakin jarrabawa shi ma haka ne. Nasiha tana gaya wa yaro sunayen kyawawan halaye da falalarsu. Abin da ya rage shi ne gwaji: yadda ake ji idan kowace hanya tana da nata haƙƙi da nata asara. Labari yana ba shi wannan gwajin tun kafin duniya ta ba shi nata, wanda ba a maimaitawa.

Taurarin farko

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, a ƙarƙashin Rupert East. Littattafan da suka fito a wannan zango sun nuna hanyoyi daban-daban na gina tauraro.

Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam, mutum ne mai wayo da dabara. Shi da Malam Zurƙe suna bin gari gari suna ɗana wa juna tarko, mai karatu yana dariya, amma da wuya a ga Alhaji ya kwana yana zargin kansa a kan wani da ya yaudara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa yana can ɗaya gefen. An sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi ilimi a garin Balaraben da ya riƙe shi, ya dawo ya zama babban malami a Rauta. Umar misali ne na haƙuri da tawakkali, sai dai mai karatu yana samun sa ne ya riga ya natsu, bai ga ranar da ya yi kokawa da fushi ko sha'awar ramuwa ba. Zafin zuciyar da ke cikin littafin ya fi bayyana a wajen mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta.

Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tare, shi ne ya fi kusantar abin da ke faruwa a ƙirjin mutum. Malam Shehu attajiri ne wanda bai samu haihuwa ba, ya kuma sa a ransa cewa idan ya auri Zainab zai samu ɗa. Zainab kuwa da Abubakar sun riga sun shaƙu. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu, Abubakar ya yi rantsuwar ɗaukar fansa. Ya bar gari ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa, ya sha wuya iri-iri kafin ya same shi. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Ɗalibi zai iya taƙaita jigon littafin da kalma ɗaya, wato ramuwa, ya ci makinsa. Amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne cewa Abubakar ba mugu ba ne a farkon labari. Shi aka zalunta, kuma duk wanda ya karanta shafukan farko yana bayansa. Sannu a hankali ne tausayin ke juyewa ya zama tsoro, domin kowace wahala da ya sha a hanya dama ce ta ya tsaya ya tambayi kansa ko abin ya kai haka, shi kuwa yana wucewa. Wanda fansar ta faɗa wa kuma yaro ne da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin. Matashin da ya bi Abubakar taki bayan taki ya ga yadda mai gaskiya ke rikiɗewa ya zama azzalumi, ya kuma ga cewa babu wata rana guda da za a nuna a ce ga ranar da ya lalace. Malam Shehu ma yana da nasa uzurin, domin ƙishin haihuwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan al'umma. Littafin bai bar wa mai karatu mutum ɗaya da zai ɗora wa laifin duka ya huta ba.

Tsoron kada a ce

Misalin da ya fi fitowa fili a adabin Najeriya yana cikin littafin Turanci da ɗalibai da yawa suka karanta a sakandare, wato Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Okonkwo jarumi ne a Umuofia ta ƙasar Ibo, manomi kuma ɗan kokawa, wanda ya gina rayuwarsa gaba ɗaya a kan gudun kada ya yi kama da mahaifinsa Unoka, malalaci mai tarin bashi.

An kawo wani yaro, Ikemefuna, daga maƙwabcin gari a matsayin diyya, aka ajiye shi a gidan Okonkwo shekara uku, har ya saba yana kiran sa uba. Da aka yanke cewa za a kashe yaron, dattijo Ezeudu ya je ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a ciki. Okonkwo ya bi masu rakiyar duk da haka, kuma da yaron ya rugo wajensa neman ceto, shi ya sare shi da adda, don kada a ce ya yi rauni. Bayan haka ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ɗansa na cikinsa, Nwoye, bai ƙara yi masa kallon da ba, har ya bar gidan ya bi masu wa'azin Kirista.

Achebe bai tsaya ya yi wa mai karatu huɗuba ba. Ya nuna mutumin da ke son yaro, ya nuna tsoron da ya fi son ƙarfi, ya kuma nuna kwana biyun da suka biyo baya. Wannan tsoro na kada a ce ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ke sa matashi ya bi abokai zuwa faɗan daba alhali zuciyarsa ba ta so, don kada a kira shi matsoraci. Shi ke sa magidanci ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa saboda kayan ɗaki ko lefe. Ɗalibin da aka taimaka masa ya gane abin da ya tura hannun Okonkwo ya samu sunan da zai kira abin da ke tura nasa.

Sumayya da Rabi

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, kokawar zuci ta koma cikin gida, kuma mata suka zama manyan taurari. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, yana ba da labarin Sumayya, 'yar masu hali, wadda ke son Muhammad, saurayi mai ilimi marar dukiya, yayin da attajiri Abdulƙadir ya biyo ta hannun manyan gidansu. Sumayya tana tsakanin biyayya ga iyaye, wadda aka rene ta a kanta, da haƙƙinta na kada a aurar da ita ga wanda ba ta so. Da ta ga ƙofofi sun rufe, ta faɗa rijiya, aka ciro ta da rai.

Wannan fage ya jawo wa littafin suka mai yawa, kuma sukar tana da tushe, domin yarinyar da ke cikin irin halin za ta iya ɗauka cewa babu wata mafita sai wannan. Amma rufe littafin bai kawar da auren dole ba, bai kuma ba yarinyar wata mafita ba. Abin da zai amfane ta shi ne babba ya zauna da ita a kan shafukan da suka gabaci rijiyar, a tambayi wa Sumayya za ta iya kai wa kuka, wane malami ko dangi ne zai iya shiga tsakani, me shari'a ta ce game da yardar budurwa. Littafin yana da saƙo ga iyaye ma, domin ya nuna musu abin da ke gudana a zuciyar 'yar da suke ganin ta yi shiru, suna zaton ta yarda.

Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki wata fuskar a Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi matar Alhaji Abdu ce, uwar 'ya'ya tara. Mijin ya auro Delu, ya wulaƙanta Rabi, ya sake ta ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, duniya ta juya masa baya, sai aka dawo ana matsa wa Rabi ta koma ɗakinta.

A nan haƙuri, wanda aka fi yi wa mace wa'azi da shi, ya yi karo da mutuncin da ta gina da guminta. Makomar 'ya'ya tana gefe guda, tabon wulaƙanci yana ɗaya gefen. Rabi ta koma, amma marubuciyar ba ta shafa wa komawar zuma ba. Shi ya sa masu karatu ke rabuwa a kan ƙarshen littafin, wasu suna ganin ta kyauta, wasu suna ganin an sake danne ta. Wannan saɓani shi kansa amfani ne. Aji ko zauren da aka yi musu a kan Rabi ya tattauna ma'anar haƙuri, da iyakarsa, da haƙƙin matar aure, fiye da yadda darasin da aka rubuta a allo zai sa a yi.

Inda hatsarin yake

Duk wannan bai wanke kowane littafi ba. A cikin labaran da ake sayarwa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da manhajojin karatu, akwai waɗanda ke cika babi bayan babi da batsa ko cin zarafi, sannan a liƙa tuba a shafin ƙarshe a ce an faɗakar. Mai karatu ya san abin da aka sayar masa, kuma ba tubar ba ce. Damuwar iyaye a kan irin waɗannan tana kan hanya.

Ana iya bambancewa da tambayoyi kaɗan. Shin tauraron ya san abin da zai rasa kafin ya zaɓa, ko kuwa marubuci yana jan sa ne kamar raƙumi da akala? Shin ɓangarorin biyu da ke ja masa zuciya kowanne yana da nauyi, ko ɗaya an kawo shi ne don cika shafi? Sakamakon da ya same shi daga zaɓinsa ya tsiro, ko kuwa hatsarin mota ne ko ciwon ajali da marubuci ya jefo don ya rufe labari? Bala'in da ya faɗa wa gidan Malam Shehu ana iya bin sawunsa har zuwa ranar da aka yi amfani da dukiya aka raba masoya. Rabuwar Okonkwo da ɗansa ana iya bin ta har zuwa saran adda. Irin wannan sarƙa ce ke koya wa matashi cewa aiki yana haihuwa. Labarin da mugu ke mutuwa a hatsari kawai yana koya masa cewa wanda bai yi hatsari ba ya tsira.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wato tauraron da ba shi da aibi ko kaɗan: kyakkyawa, mai addini, mai dukiya, wanda bai taɓa jin kwaɗayi ko hassada ba. Yaro yana iya sha'awar sa, amma ba zai ga kansa a jikinsa ba. Ranar da ya ji hassada a ransa, littafin bai nuna masa abin da ake yi da ita ba.

A aji da tsakar gida

Yadda ake koyar da adabi yana da hannu a cikin lamarin. Ɗalibi yakan haddace jigo, da zubi da tsari, da salo, da sunayen manya da ƙananan taurari, domin su ake tambaya a jarrabawa. Ba a cika tsayar da karatu a tsakiyar labari a tambaye shi me zai yi da shi ne a wurin, kuma don me ba.

Lawrence Kohlberg, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi amfani da irin wannan tambaya wajen nazarin yadda tunanin yara game da daidai da kuskure ke girma. Sanannen misalinsa shi ne na mutumin da matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya tsawwala kuɗi, shi kuwa ba shi da su: ya sata ko kada ya sata? Kohlberg ya fi kula da dalilin da yaro ya bayar a kan amsar kanta, ko tsoron hukunci ne, ko gudun abin da mutane za su ce, ko kuwa ya fara auna haƙƙin rai da haƙƙin dukiya. Bahaushe ma yana da irin wannan tun da daɗewa, a labaran hira da ake rufewa da tambaya, a ce a cikinsu wa ya fi gaskiya ko wa ya fi cancanta, a bar masu sauraro su yi ta musu har dare ya raba.

Malamin da ke karantar da Jiki Magayi zai iya rufe littafin a daidai inda Abubakar ya ji an ɗaura aure, ya sa ɗalibai su rubuta masa wasiƙar shawara. Zai iya raba aji biyu a kan komawar Rabi, kowane ɓangare ya kare ra'ayin da ba nasa ba. Uwar da ta ga 'yarta ta duƙufa a kan labari a waya za ta fi sanin abin da ke shiga kanta idan ta tambaye ta wace ce tauraruwar, me ke damun ta, me ya kamata ta yi. Ƙwace wayar yana kashe hirar, labarin kuwa yana nan a wayar ƙawa. Marubuta su ma akwai nasu rabon: su ba tauraro lokacin yin shawara da zuciyarsa a gaban mai karatu, su rage gaggawar kai shi ga aiki.

Abubakar Imam ya gina littafi na ɗaya na Magana Jari Ce a kan wannan fahimta. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida da umarnin kada ya fita, Waziri kuwa yana ƙulla makircin da zai fitar da shi a halaka shi. Musa yana tsakanin umarnin mahaifinsa da begen Mahmudu, abokin tasowarsa da ya tafi fagen fama. Kowane dare ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari, bai kai ƙarshensa ba sai gari ya waye. Ƙofa ba ta gagari Musa ba, bayin da ke gadi ma ba su ne suka riƙe shi ba. Labari ne ya yi ta jinkirta shi dare bayan dare, har sarki ya dawo, makircin Waziri ya tonu.